Ɗana, Ka Koyi Harshen Masu Gwanjon Sulalla Kafin Ka Taya

Ɗana, da ke 'yata, a 'yan shekarun nan na ga wata sha'awa ta shigo cikinku, ta tara tsofaffin sulalla da sayensu a gwanjon intanet. Ban ga laifinta ba. Akwai ilimi a cikinta, akwai tarihi, kuma akwai mutanen kirki da suke ciyar da iyalinsu da ita. Abin da yake damuna shi ne ƙofar da yawancinku kuke shiga ta cikinta. Yaro ya ji labarin cewa a 2021 an sayar da wata tsabar zinariyar Amurka ta shekarar 1933 a birnin New York a kan dala miliyan 18.9, labarin kuma gaskiya ne, sai ya buɗe eBay da daddare ya kama taya duk abin da aka yi wa rubutu mai daɗi. Bayan makonni ƙunshi ya iso, ya kai wa masani, a ce masa abin da ya saya bai kai kuɗin aikowa ba.

Galibin waɗannan yara ba ƙarya tsagwaronta aka shirga musu ba. Mai kaya ya rubuta maganar da zai iya karewa ko a gaban alƙali, su kuma suka karanta ta da Turancin makaranta. Kalmomin wannan kasuwa iri biyu ne. Akwai waɗanda 'yan sana'ar suka yanka musu ma'ana tsayayya, wadda sau da yawa ta saɓa wa abin da kunne yake ji. Akwai kuma na kirari, waɗanda ba su ɗaure mai kaya da komai ba. Wanda bai iya rarrabe su ba, cinikin biri a sama yake yi.

Bari mu fara da kalmar da ta fi kowace kayar da baƙo, wato "Good". Kai ka san ma'anarta abu mai kyau. A wurin masu sulalla kuwa tana can kusa da ƙasan tsani. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara ma'aunin da ya tashi daga 1 zuwa 70 don tantance tsofaffin sulallan jan ƙarfe na ƙasarsu, daga baya kasuwa ta ɗauke shi ta shimfiɗa a kan kowace irin tsaba. A wannan ma'auni "Good" tana kan lamba 4 ko 6, ma'ana tsabar ta sha hannu har ta suɗe, fuskar sarkin da ke jikinta ta zama inuwa, sai dai ana iya karanta shekara da rubutu. "Very Good" 8 ce zuwa 10. "Fine" 12 zuwa 15, ita ma ta yi yawo sosai a aljihunan mutane. Sai ka hau ta "Very Fine" da "Extremely Fine" kafin ka iso 50, inda ake cewa "About Uncirculated", wato ta ɗan taɓa shiga hannu amma kaɗan. Daga 60 zuwa 70 ne kawai ake kira "Mint State", tsabar da ba ta taɓa shiga ciniki ba tun fitowarta daga gidan buga kuɗi. Kai da kake karatu da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram, tarkon ɗaya ne: "Beau" tsabar da ta suɗe ce, "Très Beau" ba ta wuce matsakaiciya ba. Ka kuma sani cewa dillalan Ingila sun fi na Amurka tsanani a wannan hukunci, don haka kalma ɗaya tana iya nufin abu biyu gwargwadon ƙasar mai kaya.

Inda kuɗi yake salwanta da yawa shi ne tsakanin 58 da 60 zuwa sama. Tazarar a ido ƙarama ce, ɗan gogewa ne a kan kunci ko gashin hoton, amma a farashi tana iya ninkawa. Shi ya sa za ka ga an rubuta "looks uncirculated", ko "UNC?" da alamar tambaya, ko "you grade it". Mai kaya ya san abin da ke hannunsa. Da ta kai, da ya faɗa kai tsaye, domin faɗar ribarsa ce. Alamar tambayar nan hanyar fita ce ya bar wa kansa. Ita kuma "Proof" ba matsayin kyau ba ce sam. Hanyar bugu ce ta musamman, da gogaggen hatimi, a buga fiye da sau ɗaya, don masu tarawa. Tsabar "Proof" tana iya karcewa ta lalace kamar kowace.

Yanzu ga abin da nake so ka tsaya a kansa da kyau, domin a nan ne tarbiyyar gida take cutar da mu ba da saninmu ba. An koya mana cewa abu mai daraja a wanke shi ya yi sheƙi. A wannan kasuwa wanki aibi ne. Ka samu tsabar azurfa wadda ba a taɓa ba, ka riƙe ta ta gefe da yatsu biyu a ƙarƙashin fitila ɗaya, ka riƙa karkata ta a hankali. Za ka ga haske yana zagayawa a fuskarta, yana bin hannunka. Wannan hasken ya samu ne lokacin da hatimi ya danne ƙarfen ya malala, kuma idan ya tafi ba ya dawowa. Ka ɗauki wadda aka goge ka yi mata haka. Za ta yi fari tas, amma hasken a tsaye yake, kuma idan ka sa madubin ƙara girma sai ka ga siraran karce jere da juna duk sun nufi gefe guda, inda tsumma ya bi, ga kuma baƙin datti da ya maƙale a lungun haruffa inda tsumman bai kai ba. Masani yana gane wannan cikin ƙiftawar ido.

To idan ka ga "shiny", ko "blast white" a kan tsabar da ta shekara ɗari kuma ta suɗe, ka tambayi kanka yadda aka yi tsohuwar azurfa da ta sha hannu ta zauna fara. "Lightly cleaned" da "old cleaning" duk wanki ne, an dai sassauta lafazin. "Whizzed" an bi ta da burushin waya don a ƙirƙiro mata hasken ƙarya. "Tooled" an sa ƙarfe an sake zana gashi ko haruffan da suka shafe. "Ex-jewelry" da "mount removed" an taɓa liƙa mata kunne aka rataya a sarƙa, aka cire daga baya. Wanda ya rubuta waɗannan kalmomi ya yi gaskiya, ya cancanci a girmama shi, sai dai farashin ya kamata ya sauka sosai. Ni na ga yaron da ya gaji gwangwanin sulallan kakarsa, ya kwana yana dirzarsu da toka da lemon tsami don ya burge masu saye. Da hannunsa ya kankare mafi yawan darajarsu, kuma da kyakkyawar niyya ya yi. Rashin sani ya fi dare duhu. In ka sami tsohuwar tsaba, ka bar ta da duhunta.

Saboda irin wannan gardama aka kafa kamfanonin tantancewa. Biyu da suka fi karɓuwa su ne PCGS, wanda ya fara aiki a 1986, da NGC a 1987. Ana aika musu tsaba, su duba, su rufe ta a cikin ƙwanson roba mai tauri, su rubuta lambar darajarta da lambar shaida. Wannan ƙwanso shi ake kira "slab", wadda ba ta da shi kuma "raw". Amma a nan ma sai ka buɗe ido. Idan ka ga kalmar "Details" a jikin takardar, kamfanin yana cewa tsabar ta gaske ce amma tana da aibi, ko wanki ko karce ko gyara, shi ya sa ya ƙi ba ta lamba. Akwai kuma masu sayen ƙwanson roba su buga takarda a ɗakinsu, su rubuta 70 da sunan kamfanin da babu wanda ya san shi. Har jabun ƙwanson manyan kamfanonin ana yi. PCGS da NGC dukansu suna da wurin da za ka shigar da lambar shaida a intanet ka ga abin da suka rubuta, sau da yawa har da hoto. Ka gwada hoton da na mai kaya, tabo da tabo. Aikin minti kaɗan ne.

Kalmar "rare" kuwa, ita ce uwar kirari, kuma misalinta mafi kyau yana cikin gidajenmu. Ka san kobo mai huji da ɗari da anini na zamanin Turawa, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci a jiki. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar, ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa a Ingila ba. Amma a Afirka ta Yamma an saki kobo da ɗari da anini masu ɗauke da sunansa, domin masu huji ne, ba sa buƙatar hoto. Sai ka ga an rubuta "rare Edward VIII, the king who abdicated", an sa farashi mai tsada. Labarin sarkin gaskiya ne. Abin da ba a faɗa maka ba shi ne miliyoyi aka buga, mutane da yawa kuma suka ɓoye su tun a lokacin saboda labarin, don haka galibinsu 'yan daloli kaɗan ne kuɗinsu har yau. Tsufa daban, ƙaranci daban. Abin da ke sa tsaba tsada shi ne yawan da aka buga, da yawan da ya rage, da halin da take ciki, da yawan masu nemanta.

Liyari ya fi wannan ruɗarwa. Ina nufin babbar ƙwandalar azurfar nan mai hoton sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita daga Yaman da Habasha da Sudan har Borno da Kano, iyayenmu mata kuma suka yi ado da ita. Kusan duk wadda za ka gani 1780 ke rubuce a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu. 'Yan kasuwar Gabas sun amince da ita a wannan siffa, ba sa karɓar wata, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekara ba canji. An buga ta a Biyana, an buga a Rum da Landan da Faris har da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma gidan buga kuɗin Ostiriya bai daina ba. Dillalin kirki zai rubuta "restrike", wato bugun baya da tsohuwar shekara. Wani kuwa zai rubuta "dated 1780, over 240 years of history". Ka lura, bai ce an buga ta a 1780 ba, cewa ya yi shekarar ke rubuce. Liyari na gaske nauyinsa giram 28 da ɗan ɗigo, azurfarsa kashi 833 cikin 1000, kuma mafi yawansu darajarsu ba ta yi nisa da kuɗin azurfar da ke jikinsu ba. Abu ne mai kyau a mallaka, ina ƙarfafa ka ka nemi ɗaya, amma a farashinsa.

'Yata, wannan ɓangaren naki ne musamman, domin na ga 'yan mata da matan aure suna sayen tsabar zinariya da azurfa a matsayin ajiya, wasu ma da kuɗin sadakinsu. Tunani ne mai kyau, kada kowa ya hana ki. Sai dai ki san cewa "German silver" da "nickel silver" babu ƙwayar azurfa a cikinsu, haɗin jan ƙarfe ne da nikal da tutiya. "Gold layered", "gold plated", "24k clad", "100 mills" duk ruwan gwal ne aka shafa wa ƙarfe mai araha, siririn da ba zai taɓa biyan kuɗin narkarwa ba. "Tribute", "replica", "fantasy", "commemorative copy" kwaikwayo ne, babu gwamnatin da ta buga su a matsayin kuɗi. A Amurka tun 1973 doka ta tilasta a buga kalmar "COPY" a jikin irin waɗannan, shi ya sa wasu suke ɗaukar hoton fuska ɗaya kawai. Ki nemi hoton gaba da baya da gefe.

Maganin duk wannan yana wurin sikeli. Ki sayi ƙaramin sikelin maƙeran zinariya mai nuna ɗigo biyu, da mayen ƙarfe, da ma'aunin faɗi. Fam ɗin zinariya na Ingila giram 7.98 ne, karat 22. Dalar Morgan ta Amurka, wadda jabunta ya cika kasuwa, giram 26.73 ce, faɗinta milimita 38.1. Azurfa da zinariya ba sa bin mayen ƙarfe, duk tsabar da ta manne masa an gama magana, ko da yake rashin mannewa shi kaɗai bai isa shaida ba. Mai sayen rago ba ya tsayawa kan kirarin dillali, sai ya buɗe baki ya duba haƙora. Tun kafin ki taya ki rubuta wa mai kaya ki ce ya ɗora ta a sikeli ya aiko hoto. Mai gaskiya zai yi da murna. Wanda ya kama kewaye-kewaye ya riga ya ba ki amsa.

Akwai wasu kalmomin da ba tsabar suke siffantawa ba, labari suke ba ka don zuciyarka ta ƙarasa sauran. "Estate find", "from grandpa's attic", wai an tsinto a kayan gado. "Unsearched roll", wai ɗaurin sulalla ne da babu wanda ya bincika, sau da yawa har an sa wata mai jan ido a bakin ɗaurin. Ka duba tarihin mai kayan, sai ka tarar ya sayar da irin wannan ɗauri ɗaruruwa. Mutumin da sana'arsa ke nan ba zai saki kaya bai duba ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Mafi haɗari ita ce "I am not an expert, judge from the photos", musamman idan ta haɗu da hoto mai dishi-dishi da "as is, no returns". Ma'anarta a taƙaice: in jabu ce, kai ka zaɓa. Haka ake sayar da aninin Amurka na 1943. A shekarar, saboda yaƙi, da baƙin ƙarfe aka buga su, fiye da biliyan ɗaya, sai 'yan ƙalilan da aka buga da tagulla bisa kuskure, waɗanda suke da tsadar gaske. Maha'inta sai su yi wa na baƙin ƙarfen ruwan jan ƙarfe, ko su sassaƙe 8 ɗin 1948 ta koma 3, su ce su ba masana ba ne. Kwaɗayin a ce ka yi tsintuwa a hannun wanda bai san abin da ya riƙe ba, shi ne ƙugiyar. Ka kuma tambayi zuciyarka ko irin cinikin da kake so ka ci riba da shi ke nan.

Shi kansa gwanjon yana da nasa harshe, zan bi shi da sauri. "Reserve" farashi ne ɓoyayye wanda in ba a kai shi ba mai kaya zai ce albarka. "Hammer price" kuɗin da aka sallama ne, amma a manyan gidajen gwanjo akwai "buyer's premium", la'adar da mai saye yake biya a kai, wadda takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye. Ka taya dala 100, ka biya 120, kafin kuɗin aikowa da na kwastan da canjin kuɗi. Ka haɗa wannan lissafi tun kafin a fara, ka rubuta iyakarka a takarda, in an wuce ta ka janye hannu. Minti biyun ƙarshe na gwanjo suna da zafi, mutum yakan manta tsaba yake saye ya koma neman kayar da abokin hamayya. Wani lokaci ma abokin hamayyar na mai kaya ne, yana tayawa ba don ya saya ba sai don ya tura ka sama. Turawa suna ce masa "shill bidding", malamanmu sun san shi tun da daɗewa da sunan najashi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi. Alamarsa sabon mai taya wanda ba ya taya kayan kowa sai na mutum ɗaya, yana ƙara kaɗan-kaɗan, ba ya taɓa ci.

Kuma kada farashin da aka nema ya ruɗe ka. Kowa yana iya ɗora kobo mai huji ya rubuta dala dubu goma, daga nan hoton ya zagaya wayoyi a ce kobo ya yi kuɗi. Ka nemi jerin abubuwan da aka riga aka sayar, ka ga nawa mutane suka biya da gaske.

Ban faɗi duk wannan don ka tsorata ka bari ba. Ina so ka daɗe a cikin harkar. Ka zaɓi fanni ɗaya ka san shi ciki da bai, kuma babu wanda ya fi maka sauƙi kamar kuɗin Afirka ta Yamma, tunda samfurinsa yana hannun tsofaffinmu. Ka san cewa aninin farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, cewa sule mai hoton bishiyar kwakwa azurfa ne daga 1913 zuwa 1920, bayan nan aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa, cewa ƙaramin harafin H ko KN da ke jikin wasu yana nuna masana'antar da ta buga su a Birmingham. Ka fara da masu araha, ka riƙe da yawa a hannu har idonka ya saba. Matambayi ba ya ɓata, kuma tsofaffin dillalai na gaskiya suna son yaro mai tambaya.

Wata rana kai ne za ka zama mai kaya, kalmomin nan kuma za su dawo hannunka. Addininmu ya ɗora wa mai sayarwa bayyana aibin kayansa, kasuwar ma haka take so, domin masu saye suna rubuta shaida a kan kowane dillali kuma shaidar tana bin sa. Ka rubuta ƙasa da shekara da harafin masana'anta, da nauyi da faɗi. Ka ɗauki hoton fuska biyu da gefe a hasken rana. In an taɓa goge ta ka ce an goge, in an huda ta an toshe ka faɗa, ka kuma yarda a dawo maka da ita in ba ta yi ba. Wajen ajiya ka guji leda mai laushi, tana sa wa ƙarfe koren tabo, ka yi amfani da ambulan takarda ko ƙwanson da aka yi don haka. In kuma abin da za ka aika waje tsoho ne ƙwarai, ka fara tuntuɓar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, domin dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izininta ba.